Haƙƙin Goyo da Haƙƙin Baiwa

Wanda ya bi ta Unguwar Rimi ta Kaduna da sassafe, tun rana ba ta ɗaga ba, zai ga unguwa ɗaya mai fuska biyu. Ta gefe guda ga manyan gidajen ma'aikata da attajirai, da dogayen katangu da itatuwa masu inuwa. Ta ɗaya gefen kuwa ga gidajen haya a cushe, ɗaki na jingine da ɗaki, kowace ƙofa da murhunta. Amma akwai abin da fuskokin nan biyu suka yi tarayya a kai, shi ne kafin namiji ya sa hularsa ya fita, wata mace ta riga ta yi aikin sa'a biyu ko uku. Ta ɗora ruwa, ta wanke yaro, ta dama koko, ta nemo takalmin makaranta da ya ɓace tun jiya. Ba a rubuta aikin nan a littafin kowane ofis ba, ba a kuwa biyansa in wata ya ƙare. In an tambayi mijin me matarsa ke yi, sai ya ce ba ta aikin kome, tana gida.

To, a ƙaddara cikin matan nan akwai wata wadda Allah ya yi wa baiwar ido, watau tana ganin abin da sauran mutane ke wucewa ba su lura ba. Ta yi karatun zane a jami'a, ta koyi ɗaukar hoto mai motsi, har an taɓa nuna aikinta a bainar jama'a tun tana budurwa. Yanzu tana da goyon wata bakwai, ga wansa ɗan shekara uku, ga kuma uwar mijinta da ciwon ƙafa ya zaunar, ita ke yi mata wanka da ba ta magani. Kyamararta na cikin akwati a ƙarƙashin gado. Ran nan sai ga takarda daga Legas, ana gayyatarta ta kawo sabon aiki nan da wata uku. Ta kai wa gwaggonta labari tana murna. Gwaggo ta dube ta ta ce, "Ke 'yar nan, taura biyu ba ta taunuwa. Hoto ba zai gudu ba, ki bari ki yaye ɗanki tukuna." Ita kuwa ta sunkuyar da kai ta ce, "Gwaggo, haka kika ce mini sa'ad da na ke goyon wansa."

Maganar nan ta ƙarshe ita ce tushen al'amarin. Gwaggo ba ta faɗi ƙarya ba, 'yar ɗan'uwanta kuma ba ta faɗi ƙarya ba. Abin tambaya shi ne, mace mai baiwa in ta haihu, shin wajibi ne ta binne baiwarta har 'ya'yanta su kawo ƙarfi? In kuwa ba wajibi ba ne, wa zai biya lokacin da za ta ɗiba? In kuma ta ga dama ta mai da goyon kansa abin da za ta ɗauka a hoto, shin tana da ikon nuna ɗanta ga duniya tun bai san mene ne duniya ba?

Kafin a shiga hukunci ya kamata a bayyana irin sana'ar da a ke magana a kanta, gama ta yi dabam da finafinan da aka saba gani. Fim na kasuwa yana ba da labari, da jarumi da mugu da biki a ƙarshe. Fasahar bidiyo kuwa ta fi kusa da zane. Mai yinta yakan kafa kyamara a kan abu guda, kamar hannu yana tankaɗe ko inuwa tana tafiya a bango, ya bar mai kallo ya zauna da abin har ya ga abin da bai taɓa gani ba cikinsa. Akan nuna irin wannan aiki a ɗakunan nuni, ba a gidan sinima ba. Sana'ar ta kafu ne wajen 1965, sa'ad da kamfanin Sony ya fara sayar da na'urar bidiyo wadda mutum ɗaya zai iya sarrafawa, wani mutumin Koriya mazaunin New York, Nam June Paik, ya shiga cikin na farkon da suka yi fasaha da ita. Mata da yawa suka rungume ta, domin ba ta bukatar taron ma'aikata ko babban jari, ana iya yinta a tsakar gida. Yau kuwa na'urar ta koma cikin wayar hannu, ba lungun da babu ita a Kaduna.

Masu ra'ayin Gwaggo suna da hujja mai ƙarfi, ba daidai ba ne a raina ta. Suna cewa jariri bai roƙi a kawo shi duniya ba, wanda ya kawo shi kuwa ya ɗauki bashi tun ranar haihuwa. Yunwar jariri ba ta jira, zazzaɓinsa bai san ranar nuni ba. Shekara biyun shayarwa kuma in sun wuce sun wuce ke nan, ba kuɗin da zai komo da su. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Hoto kuwa ko an jinkirta shi shekara goma, ba wanda zai kwana da yunwa saboda rashinsa. Saboda haka in haƙƙi biyu suka yi karo, wanda ba ya jira shi ne a gaba. Al'adar Hausa ma a kan haka ta ginu. Mai haihuwar fari takan koma gidan iyayenta goyon ciki, ta yi wankan jego na kwana 40, ana dama mata kunun kanwa, ba a barinta ta yi aikin wahala. Duk wannan shaida ce cewa magabata sun san lokacin nan na uwa da ɗa ne, ba a son wani abu ya shiga tsakaninsu.

Amma in an duba al'adar nan da kyau, za a ga ta faɗi wani abu kuma wanda masu kafa hujja da ita kan manta. Cikin kwana arba'in ɗin nan ba mai jego ke ɗora tukunya ba, ba ita ke ɗebo ruwa ba, ba ita ke faskare ba. Uwarta da innoninta da maƙwabta ke yi. In lokacin yaye ya zo, akan kai yaro wurin kakarsa. In mace ta tara 'ya'ya, 'yar'uwarta wadda ba ta samu ba takan ɗauki ɗaya riƙo. Baba ta Karo, tsohuwar ƙasar Zazzau wadda ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a 1949 da 1950, aka buga shi littafi a 1954, ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta yi renon 'ya'yan dangi har ta aurar. Ashe a gidan Bahaushe na da, goyo ba nauyin mace ɗaya ba ne. Shi ya sa matan kulle suka samu sarari suka yi kaɗi da saƙa da ɗinkin hula da ƙuliƙuli, suna tara abin kansu, ba wanda ya ce sun yi sakaci da 'ya'ya. Matar Unguwar Rimi kuwa tana ɗaki biyu na haya, uwarta na can wani gari, kakar da za ta karɓi yaye ita ce ma a ke jinya. An bar mata dukan wajibin al'ada, an ɗauke mata dukan taimakon al'ada. Wanda ya ce mata ta yi yadda kakanninta suka yi, sai ya fara kawo mata hannuwan da kakanninta suka samu.

Masu ɗaya ra'ayin kuwa suna cewa baiwa amana ce, ba kayan ado ba. Wanda aka ba murya ko alƙalami ko ido, ba don kansa kaɗai aka ba shi ba, jama'a na da rabo a ciki. Suna kuma cewa maganar "hoto ba zai gudu ba" gaskiya ce rabi. Hoto ba ya gudu, amma hannu yana tsatsa, abokan sana'a suna wucewa, masu gayyata kuma in sun kira sau biyu ba a amsa ba, ba su kira na uku. Macen da ta yi haihuwa biyar, tana jiran yaye bayan yaye, kafin ta ɗaga kai shekara 15 sun shuɗe. Abin da aka kira jinkiri ya zama binnewa, ba tare da kowa ya ɗauki alhakin haƙa kabarin ba.

Tarihin rubutun Hausa ya isa shaida a nan. A gasar da Hukumar Talifi ta Zariya ta shirya a 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi, duk marubutan maza ne. Sai a 1980 aka buga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, wanda a ke lissafawa littafin ƙagaggen labari na farko da Bahaushiya ta fitar. Tsakanin nan akwai fiye da shekara 45. Ba mai hankalin da zai ce cikin shekarun nan duka ba a haifi mace mai hikima ba, alhali kuwa tatsuniyoyin da marubutan nan suka taso da su daga bakin iyayensu mata da kakanninsu suka ji su. Shaihu Umar ma, wanda Adamu Halilu ya mai da shi fim a 1976, abin da ya fi taɓa zuciya a cikinsa shi ne uwar da ta keta hamada tana neman ɗanta. Amma ɗan ne ke ba da labarin. Uwa ta sha wahalar, wani ya riƙe alƙalamin.

Balaraba Ramat Yakubu ta nuna abin da a ke samu in uwa ta riƙe alƙalamin da kanta. An cire ta daga makaranta tana yarinya aka yi mata aure, daga baya ta koma neman ilmi da girmanta. A 1990 ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne, labarin matar da miji ya kora da 'ya'ya tara, ta riƙe su da sayar da abinci. An juya shi zuwa Turanci a 2012, ita kuma ta shiga harkar fim har ta shirya Juyin Sarauta a 2017. Lissafin kwanon abinci da kuɗin makaranta da ke cikin littafin nan, wanda bai taɓa tsayawa gaban murhu da yara tara a bayansa ba da wuya ya san shi. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke yi masa yoyo. Da ta yi shiru, da jama'a ta yi asarar sanin da ba ta da wata hanyar samunsa. A finafinan Hausa kuwa, tun daga Turmin Danya na 1990, abin da aka saba gani shi ne 'yar wasa in ta yi aure sai ta bar fitowa. Saboda haka uwa a fim sau da yawa hasashe ce, ba shaidar wadda ta ɗanɗana ba.

Akwai wadda ta riga su duka, watau Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864. Ta yi aure da Waziri Giɗaɗo, ta haifi 'ya'ya, ta kuma yi rubutu da Fulatanci da Hausa da Larabci. Akan kawo sunanta don a nuna cewa mace na iya haɗa duka. Gaskiya ne, amma sai a tuna gidan Waziri babban gida ne mai jama'a, ba ita kaɗai ke tsaye a kan kowace tukunya ba. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne dabarar da ta yi. Da ta kafa tsarin 'yan taru, ta lura matan da ke tsakiyar haihuwa ba su iya barin gida su zo Sakkwato. Ba ta zarge su da lalaci ba, ba ta kuma ce su jira sai sun tsufa ba. Sai ta naɗa jajjai, ta ba kowace jaji malfa, tsofaffi da 'yan mata suna zuwa su ɗauki karatu su kai wa na gida. Watau ta gyara tsarin ya dace da uwa, maimakon ta ce uwa ta dace da tsarin. Wannan hikima ta fi shekara 150, har yanzu masu shirya taron fasaha da yawa ba su kai gare ta ba.

A ƙasashen Turai da Amurka ma an yi wannan gwagwarmaya, har waɗansu mata suka juya matsalar ta zama ita ce aikin. Wata Ba'amurkiya, Mierle Laderman Ukeles, da ta haihu ta ga shara da wanki sun cinye lokacinta, sai ta rubuta wata sanarwa a 1969 tana cewa daga ranar aikin kula da gida shi ne fasaharta. A 1973 ta durƙusa ta wanke matakalar wani gidan nuni a birnin Hartford mutane na kallo. Tsakanin 1979 da 1980 kuma ta bi ma'aikatan shara na New York, su wajen 8,500, tana gaisawa da kowannensu hannu da hannu tana yi masa godiya. Chantal Akerman, 'yar ƙasar Beljiyam, ta yi wani fim a 1975 mai suna Jeanne Dielman, na fiye da sa'a uku, inda mai kallo ke zaune yana duban wata uwa tana feraye dankali, tana gyara gado, tana goge takalmin ɗanta, ba a gaggauta kome ba. A 2022 masana fim da mujallar Sight and Sound ta tambaya suka sa shi a kan gaba cikin dukan finafinan duniya. Lenka Clayton kuwa, 'yar Ingila mazauniyar Pittsburgh, ta yi waɗansu gajerun bidiyoyi a 2013. Takan kafa kyamara, ta saki ɗanta mai tatata ya yi ta tafiya, ita tana tsaye, har tsoro ya rinjaye ta ta ruga ta ɗauko shi, sa'an nan ta rubuta tsawon tazarar da zuciyarta ta iya jurewa. Kowace uwa a Unguwar Rimi ta san wannan tazara, ko da ba ta taɓa aunawa ba. Kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa.

Abin da matan nan suka tabbatar shi ne reno ba ɓata lokacin mai fasaha ba ne tilas, yana iya zama makarantarta. Wadda ta kwana tana sauraren numfashin yaro mai zazzaɓi ta koyi irin kallon da ba a koyarwa a aji. Amma kada a ruɗu a ce ashe matsala ta ƙare, uwa ta ɗauki hoton wankinta kawai ta huta. Ɗaukar hoton minti biyar na iya bukatar tacewa da haɗawa na mako biyu, cikin natsuwa, da wutar lantarki, ba yaro na jan zane. Lokacin nan dole wani ya biya shi.

To, wa zai biya? Hukumar ƙwadago ta duniya ta ƙiyasta a 2018 cewa cikin aikin reno da jinya da hidimar gida wanda ba a biya, kashi uku cikin huɗu mata ke yi. Shari'a kuwa tun da daɗewa ta san shayarwa aiki ne mai daraja, gama a mazhabar Malikiyya matar da aka saka sakin da ya yanke tana da ikon karɓar ladan shayar da ɗanta daga ubansa. Abin da a ke iya biyan lada a kansa ba za a ce da shi zaman banza ba. Na farkon wanda bashin ke kansa shi ne uban yaro. Cefane wajibi ne, amma bai ƙare wajibi ba. Namijin da ya ɗauki ɗansa sa'a biyu da yamma, ya kuma tsaya a kan jinyar uwar da ta haife shi, bai yi wa matarsa alfarma ba, nasa rabon ya ɗauka. Jinyar tsohuwar nan tun asali haƙƙi ne a kan 'ya'yanta, abin da surukarta ke yi kyautatawa ce, sai dai an daɗe ana karɓa har an manta da godiya. Na biyu su ne hukuma da masu gayyata. Gwamnatin Jihar Kaduna ta ba ma'aikatanta mata hutun haihuwa na wata 6 a 2019, abin yabo ne, amma mai sana'ar kanta ba ta da ofishin da zai ba ta hutu. Wanda ya gayyaci mai goyo ya kuwa ƙi ba ta wurin kwantar da jariri, ko kuɗin motar wadda za ta riƙe mata shi, ko ƙarin wa'adi, hakika bai gayyace ta ba, ya dai wanke kansa ne.

Akwai wata hanya mai sauƙi da a ke bi a manyan gidaje, wadda ya kamata a faɗi aibinta a fili. Akan aika ƙauye a ɗauko yarinya 'yar shekara 10 ko 11, a ɗaura mata goyo, uwar gida ta samu sararin aikinta. Dokar ilmin bai ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara 9. Matar da ta ceci baiwarta da hana wata yarinya makaranta ba ta warware zalunci ba, ta sauke shi ne a kan wadda ta fi ta rauni. Wa ya sani ko yarinyar nan ita ma tana da nata idon? Mai reno sai ta zama babba, a biya ta ladan da ya dace, a kuma san sunanta. In aikin ya fito, ba laifi ba ne a rubuta ta cikin waɗanda suka sa ya yiwu, gama da babu bayanta da babu hoton.

Saura tambaya ta ƙarshe, ita ce ta fi wuya. In uwa ta juya kyamara kan ɗanta, na wane ne abin da ta ɗauka? Kukan dare nata ne, gama ita ta kwana a tsaye. Amma nasa ne kuma, gama fuskarsa ce da tsiraicinsa. Shi kuwa ba shi da bakin cewa i ko a'a, wadda aka ba amanar ta ce a'a a madadinsa kuwa ita ce mai son hoton. Alƙali ne ke shari'ar gonarsa. Abin da ya shiga intanet kuma ba ya fita. Yaron da aka nuna yana birgima yana ɗan shekara biyu zai iya tarar da hoton a hannun abokansa yana ɗan shekara 15. Abin ya kai har Faransa ta yi doka a 2020 don kare yaran da iyaye ke samun kuɗi da bidiyonsu, ta sa a ajiye musu rabonsu har su girma. Doka na iya tsare kuɗi, amma ba ta iya mayar wa mutum sirrinsa.

A nan al'adar Hausa tana da abin da za ta koya wa duniya. Bahaushiya takan yi kunyar ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane. Baƙo zai ce rashin so ne, alhali kowa a gidan ya san ba wanda ta fi so kamarsa. So ne wanda a ke gane shi ta wurin abin da aka ƙi faɗi. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Abin mamaki, Mary Kelly, wadda ta yi shekara shida daga 1973 tana tattara tarihin renon ɗanta a Landan, kusan wannan hanya ta bi. Ta guje wa cika bango da hoton jikinta ko na yaron, sai ta nuna alamunsu, kamar ƙunzugun da ya ɓata da rigunansa da kalmominsa na farko. Da aka nuna aikin a 1976 jaridu suka yi ca a kan ƙunzugun, amma yaron ya tsira da fuskarsa. Rahima Gambo ma, da ta yi aikinta mai suna Tatsuniya da 'yan makaranta mata a Maiduguri, ta mai da su abokan aiki, suna wasanninsu na dandali, maimakon ta nuna su abin tausayi kawai. Ma'aunin da uwa za ta riƙe ke nan: ta ƙaddara yaron ya kai shekara 20, yana zaune kusa da ita, ana nuna hoton a gaban surukansa. In ta san zai sunkuyar da kai, to, hoton ba nata ba ne, ko da ya fi dukan ayyukanta kyau. Wannan ma'auni ya hau kan tsohuwar da a ke jinya, har ma ya fi, gama ita tana da bakin da za a tambaya, rauninta kuma bai zubar da mutuncinta ba.

In an tattara maganar, hukuncin da ya fi kusa da adalci shi ne wannan. Ran da bukatar jariri ta gaskiya ta yi karo da aiki, jariri ne a gaba, Gwaggo ta yi daidai. Amma irin ranakun nan ba su kai yawan da a ke faɗi ba. Mafi yawan abin da a ke kira karo tsakanin uwa da baiwarta, rabon waɗansu ne da suka ajiye a kanta suka tafi. Ba a tambayar mawaƙi ko malami namiji yadda ya haɗa sana'arsa da 'ya'ya goma, gama kowa ya san amsar tana cikin gida tana tuƙa tuwo. Duk da haka ba gaskiya ba ne a ce in kowa ya ɗauki rabonsa ba sauran asara. Akwai aikin da mai goyo ba za ta yi ba har abada, domin lokacinsa ya zo ran da yaro ke ciwon haƙori. Akwai kuma wata dariya ta yaro da za ta wuce ta, domin tana gaban kwamfuta. Mai hankali ba ya musun wannan, ba ya kuma ɗora mata laifinsa.

Matar nan ta Unguwar Rimi, in mijinta ya karɓi yara bayan la'asar, 'yan'uwansa suka raba kwanakin jinyar uwarsu, mutanen Legas kuma suka ƙara mata wata guda, tana iya jawo akwatin nan daga ƙarƙashin gado. Watakila abin da za ta ɗauka bai wuce majanyi ba, yadda hannu biyu ke kai shi baya su ɗaure shi a ƙirji ba tare da ido ya duba ba, sau goma a yini. Ba fuskar yaro a ciki, sai ƙafafunsa biyu suna lilo a kwiɓinta. Duk wanda zai kalli hoton nan an taɓa ɗaure shi haka a bayan wata mace, amma bai taɓa gani ba, domin a lokacin shi ne ke bayan. In kuwa ba wanda ya karɓi kome daga hannunta, akwatin zai zauna inda ya ke, za ta yaye wannan ta ɗauki wani, mutane kuma za su ce ita ce ta bar sana'ar don kanta.